Hoton da Ba Kowa a Ciki

Bodinga, Litinin

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan lafiya lau. Inna, mahaifiyarka, tana gaishe ka, sai dai ƙafar har yanzu.

Na ji saƙonka, wai in karɓe kyamarar da kawunta Lirwanu ya ba Ramla, don an ce maka ɗiyarka yawon daji take. Haba Malam! Wanta Kamal ke kai ta a babur, shi ke dawo da ita. Gaskiya ni ma na sha yi mata tsiya. Kowa na hoton biki da suna, ita ta cika kyamara da itatuwan kuka da gawo, ko akuya babu a ciki. Wai hasken rana take jira, sai ka ce baƙo. Don Allah ka yi mini haƙuri zuwa Juma'a.

Taka,
Zulai

Bodinga, Asabar

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa, ina fatan murar ta sake ka.

Yau kaina ya kumbura, ba zan ɓoye maka ba. Ramla ta je Mandera, gonar marigayi Baba, mahaifinka, tun bayan asuba. Ta tsuguna gaban babban gawon nan har hantsi, sai rana ta keto ta cikin rassa ta sauka kan saiwar. Nan ta ɗauki hoton. Lirwanu ya wanko shi babba a Sakkwato.

Ka san Inna ba ta taka Mandera ba tun da ƙafa ta kama ta. Da aka miƙa mata hoton, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa kan saiwar, ta ce nan Baba ke zama in ya kai shanu, nan take aje mishi ƙwaryar fura. Ramla fa ba ta taɓa ganin kakanta ba! Inna ta share hawaye, ta ce duk mai cewa ba kowa a hoton nan makaho ne. Kunya ta kama ni, don ni na fara faɗa.

Inna da kanta ta sa aka kwashe kwanukanta na jere aka rataya shi. Kyamarar kuwa tana cikin adakarta, daga nan Ramla ke ɗauka.

Ban ƙi maganarka ba, Malam. In ka zo, sai ka karɓa a hannun Inna.

Taka har kullum,
Zulai, uwar mai hoto