Gaisuwar da ta Rushe Rumbun Tanko

Zuwa ga ɗana Habu a Yamai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina aiki? Yaya Hadiza da yara? Mu nan Yekuwa lafiya lau, gero ya yi kyau, alhamdu lillahi.

Maganata tana nan. Tun da ka fara tuƙin kamiyo, babbar motar kayan nan, in ka zo ɗaukar gyaɗa sai ka wuce ni a gindin tsamiya, ka danna mini oda kamar akuya. Na aika, na sake aikawa, shiru.

Ran kasuwa Sale, direban da nake maka misali da ladabinsa, ya taho da lodi. Da ya hango mu sai ya saki sitiyari, ya leƙo: "Baba, ina wuni? Ina gida? Ina tsufa?" Ban kai ga amsa tsufan ba, mota ta shige rumbun maƙwabcinmu Tanko. Ba wanda ya ji ciwo, kaji dai sun sha biki. Ya fito da gero a hula, wai hanyar nan ko ido rufe zai bi ta. Na ce, "Ai mun gani."

Kai ma haka kake cika baki, uwarka ta gaya mini. Idonka ya tsaya a hanya, ban yarda ka waiwayo ni ba. Amma motar ba ta da birki ne? Ka tsaya, ka sauko, ka gaishe ni.

Ka gaida Hadiza, ku sa mu a addu'a. Kaka ta zo, dole ka biyo ta nan. Za ka tsaya ko ba za ka tsaya ba? Bana dai ka ba ni amsa.

Kawunka,
Ɗanjuma