Lotsawar Ɗakin Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sauƙaƙa maka zaman nesa da gida. Mu nan lafiya lau. Ciwon bayan Goggo ya lafa, Auta ta gama jarrabawa, ta cika mana gida da surutu. Inna ma kumburin gwiwarta ya ragu, har tana dogara sanda ta fito tsakar gida. Zancen gwiwar nan ne ya zaunar da ni rubutu, don a waya bakina nauyi yake yi.

Ka tuna da ka ce a zuba wa ɗakinta ifoksi, ruwan robar nan da ake rufe daɓe da shi, irin mai shimfiɗa kansa, don ƙafar da take ja ta daina kama tsagin siminti. Ka ce ni in auna tunda aikina ne, kai ka yi lissafi. Na ba ka tsawo mita huɗu, faɗi uku da rabi. Ka ce idan kauri milimita biyu ne, lita ashirin da takwas za ta isa, ka ƙara biyu saboda abin da zai maƙale a bokiti. Lissafinka daidai yake, Yaya. Abin da ban faɗa maka ba shi ne tsakiyar ɗakin ya lotsa. Na daɗe da sani. Duk ranar da Auta ta wanke ɗakin, ruwa a gaban gado yake kwanciya, sai ta kore shi da tsintsiya. Ranar da muka yi waya maganar ta zo har bakina, amma da na ji kana jero lambobi tiryan-tiryan, sai na ce a raina ni da ban wuce firamare ba, ina ni ina kawo zancen ruwan wanki cikin lissafin masu ilimi. Na bar ka da lissafin a haka.

Shi kuwa ifoksi halin ruwa gare shi, kwari yake fara nema. Da muka gauraya shi da mai daskarar da shi muka zuba, ina kallo ya gangara cikin lotsawar nan yana shanye bokiti bayan bokiti. Muka yi ta ja da abin bazawa, ya ƙare saura taku biyu a kai ƙofa. Kafin a samo ƙari an kwana uku, na farkon ya bushe ƙamas. Inda sabo ya hau tsoho sai ya bar ɗan tudu, bai fi kaurin tsinken ashana ba. Mai lafiya ko ji ba zai yi ba. Ƙafar Inna ta ji shi, ta faɗi kan gwiwa.

Da aka taru duba ta, Kawu ya tambaya yaya aka yi kayan aiki suka gaza. Auta ta ce ai Yaya ne ya yi lissafi. Kawu ya ce to ga amfanin karatu nan, mutum yana can uwa duniya yana auna ɗakin da ya shekara biyar bai taka ba. Ina tsaye a wurin, na bar laifin a kanka. Daga baya na ji ya kira ka ya faɗa maka maganganu, kuma tun ranar ba ka kira Inna ba, sai saƙon gaisuwa ta bakin matarka. Na san halinka, kunya ce ta hana ka. To kunyar nan tawa ce kake ɗauke da ita, wata guda ke nan.

Jiya da la'asar na zauna bakin gadonta na faɗa mata komai. Ta daɗe tana shafa gwiwa, sannan ta ce ita ma ta san da lotsawar, shekara nawa tana kauce mata. Ta ce: "Ni faɗuwar ba ta dame ni ba kamar wayar nan da ta daina ƙara." Kawu ma na same shi a shago na gaya masa. Ya ce zai neme ka da kansa, ni kuma in ɓace masa da gani.

Tudun na goge shi da inji, saura a bi ɗakin da shafi ɗaya siriri don ya zama bai ɗaya. Wannan karon na ja zare daga bango zuwa bango, na auna zurfin lotsawar a wuri tara, lambobin duk suna bayan takardar nan. Idan ka yafe mini, ka sake yi mana lissafin. Idan ma ba ka yafe ba tukuna, zan jira, amma ka kira Inna. Ko wanka za ta shiga sai ta sa Auta ta riƙe mata wayar a bakin ƙofa.

Ka gaida matarka, da 'Yar Baba, da mai sunan Kawu. Goggo da Auta suna gaishe ku.

Ni ne ƙanenka,
Ƙarami