Baƙin Mai a Kududdufi

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Alhaji? Ya zaman Legas?

Kin san ni ba na jiran hukuma. Da sauro ya dame mu, na tuna karatunmu na sakandare: tsutsarsa sai ta leƙo saman ruwa take numfashi. Na juye baƙin man garejina a kududdufin bayan gida, duk suka mutu. Maƙwabta har godiya suka yi.

To, tun da ruwan sama ya sauka rijiyar Inna ke warin mai. Ta ƙi daina sha, wai marigayi Baba ne ya haƙa mata. Jiya ta fara amai.

Ki kira ta, maganarki take ji. A sa mu a addu'a. Ki gaida Alhaji.

Ƙaninki,
Sule, Azare