Jan Farcen Jikin Amfilifaya

Maman Purity,

Na wuce Maigatari kafin ki dawo daga kasuwa. Ki yi haƙuri da faɗan ɗazu, na san gyara kika yi niyya da kika goge amfilifayoyin lasifikan da kananzir. Amma ɗigon jan farcen nan na gefen kowane abin murɗawa da kananzir ɗin ya share, alamar saitin da injiniyan Kano ya auna da kwamfutarsa ce, don muryarsu ta zo ɗaya. Shi kuwa ya bar Kano ya koma Legas. Na yi ta murɗawa da kunne, ɗaya gurnani, ɗaya kamar gwangwani. Haka zan kai su taron coci, ba na jin za su sake kirana.

Kwalbar jan farcenki da na ɗauko don in sake sa alamar tana kan taga, ki ɗauki abinki. Ban san inda zan ɗiga ba.

Nehemiya