Kwalbar Gishirin Uwar Ɗakina

Zuwa ga uwar ɗakina,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Auta mai jego, da sabon angon naki da ya ƙwace min ke tun bai buɗe ido ba. Ki gaya masa aro na ba shi, ba kyauta ba.

Na zaɓi takarda ne don a waya ba kya barina in kai aya. Kin san duk shekara makaranta na tura mu direbobinta asibiti. Bana likita ya ɗaura min abin awo, ya kwance, ya sake ɗaurawa, sannan ya ce jinina ya hau sosai. Ya ba ni magani, ya hana ni gishiri, ya ce in riƙa dawowa awo. In bai sauka ba kafin a dawo daga hutu, za a karɓe makullin motar, don ba a ba mai hawan jini amanar 'ya'yan mutane. Gaskiyarsa ce, amma hankalina ya tashi. Ni da sitiyarin nan tare muka tsufa, ban san me zan zama ba in an raba mu.

Kada ki damu, na ɗauki mataki. Kwalbar nan taki ta barbaɗa gishiri, marowaciyar da nake jijjigawa tana ba ni ƙwaya-ƙwaya, na cilla ta saman kabad. Abinci kuwa ina ci: taliyar leda mai dahuwa nan take, kifin gwangwani, burodi, sai dunƙule da nake jefawa a tukunya don ɗanɗano. Gishiri dai ko kallonsa ba na yi.

Ki huta lafiya.
Naki, Direba

Zuwa ga uwar ɗakina,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Auta, yaya kukan angon? Na ga saƙonki, faɗan ma ya iso lafiya, bai zube a hanya ba.

Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Na koma awo ina taƙama, jinin nan yana nan inda na bar shi. Na rantse wa nas ɗin rabona da gishiri tun ranar da likita ya yi magana. Ba ta musa min ba, ta ce in tattaro mata ledar duk abin da nake ci. Haka na shiga asibiti da ƙunshin shara a hannu, da furfurata da komai.

Ta baje su a tebur, ta juya bayan ledar taliya, ta ce in karanta. Sai ga tonon asiri: layuka kawai nake gani kamar jerin tururuwa. Kin daɗe kina cewa in yanki tabarau na karatu, ina cewa idon direba ba ya tsufa. Nesa ina gani tar, likita ma ya shaida, amma na kusa ya gagare ni. A ranar na yanko.

Da na saka, kunya ta kama ni. Nas ɗin ta nuna min cewa abin da aka fara rubutawa a jerin kayan haɗi shi ya fi yawa a ciki, kuma inda aka sa sodiyam, gishirin ke nan ya sake riga. Dunƙulen da nake jefawa, gishiri ne a farkon layi. Kifin a ruwan gishiri yake kwance. Har burodi, bawan Allah, da nake wa kallon salihi. Na kori gishiri ta ƙofa, ya dawo ta taga ina yi masa sannu da zuwa.

Yanzu in na shiga kanti sai in tsaya ina juya kaya ɗaya bayan ɗaya, mai kanti na tambayata ko jarrabawa zan zauna. Mai dogon jeri in mayar masa da abinsa. Na koma wake, alayyafo, tumatir da ɗanyen kifi, na kuma gano inda kike ɓoye citta da tafarnuwa. Girkin farko ko kyanwar maƙwabta ta ƙi shi. Amma harshe ɗan koyo ne, jiya har na suɗe tukunya.

A shafa min kan angon.
Naki, Direba

Zuwa ga uwar ɗakina,

Sallama, da fatan kun tashi lafiya. Albishirinki! Jini ya sauka. Likita ya ce in ci gaba da magani da irin cin da nake yi, ya sa hannu. Jiya na tayar da motata, yara suka cika ta da surutu, wai tabaraun da ke rataye a wuyana ya mayar da ni shugaban makaranta. Ban taɓa jin daɗin hayaniyarsu kamar jiya ba.

Sauran magana ɗaya. Ina gyara kabad don dawowarki, sai kwalbar nan ta faɗo. Da tabarau a idona na dubi murfinta. Hujin da ke buɗe guda ɗaya ne tak. Sauran duk an toshe su ta ciki da narkakken kyandir, an goge tsaf. Kyandir ɗin har ya yi ja don daɗewa.

Na zauna a kujerarki. Na tuna shekarar da hawan jini ya kwantar da yayana, a shekarar ce kwalbar nan ta fara rowa. Tun lokacin nake zaginta a kan tebur, ina cewa miyarki lami, ke kuwa sai dai ki yi murmushi ki miƙo min ita. Wallahi sai da na share ido.

Na wanke ta, na mayar da ita mazauninta, ban taɓa kyandir ɗin ba. Ki sallami angon nan ki dawo gida, na yi kewarki. Wannan karon ni zan yi girkin, kuma in kin ji shi lami, ga kwalbarki nan, sai ki jijjiga.

Naki har kullum,
Direba