Guga a Gadar Jumeirah

Lahadi, 15 Disamba 2019

Taswira kam ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Yau a ofis na zana Khor, mashigin ruwan Dubai, gaba ɗaya daga ka: bakinsa tsakanin Deira da Bur Dubai, ya lanƙwasa cikin gari har Ras Al Khor inda ruwan ke baje, sai mashigin da aka buɗe a 2016 ya fitar da shi teku ta Jumeirah. Ba kogi ba ne, teku ne ya kutso ƙasa.

Shugabana, Injiniya Mijinyawa, ya ce, "Madalla, Sabuwa. Saura ki shiga cikinsa." Ba ya tabbatar da ma'aikacin da bai ɗebo ruwan gwaji a jirgin ruwa ba, kuma ƙarshen Janairu zai yanke hukunci a kaina.

Na yi wa Inna alkawari a Gashuwa ba zan hau ruwa ba. Kogin Yobe ne ya tafi da ƙaninta.

Talata, 24 Disamba

Na samo dabara. Igiya da ƙaramin bokiti daga wani shago a Satwa. Ina tsayawa kan gada in zura kamar guga a rijiya, in jawo, in auna gishiri. Alƙalumana sun yi daidai da na masu jirgi.

Balki, 'yar Maraɗin da muke flat ɗaya, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Voilà, 'yar Najeriya ta zo Dubai jan ruwa! In samo miki jaki?" Ta yi ta yi. Aiki dai yana tafiya.

Asabar, 11 Janairu 2020

Ruwan sama kamar na Agusta a gida. Tituna sun cika.

Talata, 14 Janairu

Gishirin da na auna ya faɗi warwas, na masu jirgi ya ɗan motsa kawai. Sau uku na sake. Ba na'urar ba ce.

Na san dalili tun kafin a tambaye ni, tun a aji biyu aka koya mana. Ruwan daɗi irin na saman nan ya fi na gishiri rashin nauyi, yana kwanciya a sama kamar mai a kan miya. Gugana saman kawai yake kwasowa. Na ƙasa sai an je tsakiya an saukar da kwalba.

Ni na kai wa Injiniya bayanin da kaina. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Bayaninki ba gyara. Amma bokiti, fisabilillahi? Khalas, ya isa haka. Ranar Talata, jirgi."

Na ce to, Yallaɓai.

Juma'a, 17 Janairu

Zan iya shiga jirgin ba tare da Inna ta sani ba. Ba zan yi ba.

Na kira ta bayan la'asar. Na faɗa mata komai: rigar da ke hana nutsewa, matuƙi, zurfin wurin. Can ta ce, "Ruwan ina ya nufa?" Na ce ba ya gangara ko'ina, Inna, shigowa yake ya fita, ya sake shigowa, kullum.

"Dawowa yake?"

"Dawowa yake."

"Namu bai dawo da kawunki ba."

Na ji tana gyara murya, na ji akuyarta a tsakar gida. Sai ta ce in zauna a tsakiya, in karanta addu'ar Annabi Nuhu, kuma ƙafata na taɓa ƙasa in kira ta, ba saƙo ba, murya.

Talata, 21 Janairu

Na shiga. Na zauna a tsakiya har muka wuce gadar Garhoud. Daga nan ruwan ya faɗaɗa. Can nesa bishiyoyi tsaye cikin gishiri, tsuntsayen filamingo jere a taɓo, bayansu dogayen benaye. Inda na saba ɗora ɗigo a takarda ashe yana da wari, irin na bakin fadama.

Na saukar da kwalba sama, tsakiya, ƙasa. Na ƙasa ya fi gishiri, kamar yadda na ce. Injiniya ya duba, ya ce gobe ma ni ce.

Na kira Inna. "Kin jiƙe?" Na ce gefen hijabi kawai. Ta ce in wanke, gishiri na cin tufa.

Juma'a, 31 Janairu

An tabbatar da ni jiya.

Mun je Deira sayen turare da Balki. Da za mu dawo na ce mu hau abra, kwalekwalen katakon nan, wai jirgin ƙasan metro ya cika. Ban ma duba metron ba. Ta kalle ni, ta ce, "Yalla, mu je, sarkin ruwa."

A tsakiya na zauna. Amma na miƙa hannu na taɓa ruwan.