Sun Ce In Kai Musu Rigar Ɗana

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ban yi zurfi a karatu ba, ɗinki nake yi a gida. Ɗana na fari mai gyaran waya ne. 'Yan sanda suka kwashe shi da abokansa a bakin shago. Da ƙafarsa ya hau motarsu, gawarsa aka miƙo mini. Wai ciwon ciki ne. Ni na haife shi, Anti, cikinsa bai taɓa ba shi wahala ba. Rigar da ke jikinsa tana wurina, ban wanke ba, bayanta duk jini ne. Ni na ɗinka masa ita.

Aka ce in je ma'aikatar da ke kula da 'yan sanda, na je. Bene ne mai sanyi kamar firji, ga hotunan manya jere a bango. Wani mai ƙaton tumbi ya saurare ni yana latsa waya, ya ce in kwantar da hankalina, an kawo sabon tsari. Ashe tsarin shi ne a mayar da ƙorafi ofishin da abin ya faru, su binciki kansu. Yanzu shugaban ofishin ya aiko, wai in kai rigar a duba. Yayan mijina ya ce in kai, in bar wa Allah, kada su sa wa ƙaramin ɗana ido. Ina tsoro. Amma in na ba su, da me zan tsaya gaban kowa?

Uwar marigayi

'Yar'uwa, Allah ya jiƙansa, ya sanyaya zuciyarki. Kada ki kai rigar nan.

Wanda ya zauna a ofis ya tsara cewa wanda ake zargi shi zai riƙe shaida, bai taɓa binne ɗa ba. Sauƙaƙa aiki suke kiran abin, kuma lallai ya sauƙaƙa musu: ƙorafi ya koma inda ya fito, su kuma su tashi cin abinci.

Yayan mijinki ba mugu ba ne, tsoronsa yana da tushe. Akwai kuma masu tsoron Allah cikin 'yan sanda. Sai dai bar wa Allah daban, miƙa hujja daban.

Ki ɗauki hoton rigar ciki da baya. Ki naɗe ta a takarda, ba a leda ba, don leda na ruɓar da jini, ki ajiye wurin wadda kika yarda da ita. Ki nemi lauya, akwai masu tsaya wa irinki kyauta. Shi zai nemi a turo masu bincike daga waje, kuma a gabansa kaɗai za a taɓa rigar. Kada ki shiga ofishin nan ke ɗaya. Ki tura ƙaramin ɗanki wurin dangi na ɗan lokaci.

Allah ya tsare miki shi, ya ba ki ƙarfin tsayawa.